Gayya a Gonar Mai Akwatin Magani

Duk sa'ad da na ji rediyo ya shiga yabon masu aikin lafiya na ƙauyuka, sai in miƙa hannu in kashe shi. Jikokina sun ɗauka tsufa ne ya sa ba ni son surutu. Ba tsufa ba ne, haushi ne, kuma tsohon haushi. Ni na zauna ɗaki ɗaya da mai aikin lafiya na ƙauye, ni ke dafa abin da ya kawo, saboda haka ba mai ba ni labarin wannan aikin ta cikin rediyo.

Garinmu ɗan ƙauye ne a yankin Dogarawa, nesa da titi. Abin da zan faɗa ya faru gab da shekarun babban fari. Mu huɗu ne a gida: ni, da maigidana, da Inna mahaifiyarsa wadda ƙafa ta riga ta ƙi, da ɗiyarmu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Gonarmu ɗaya ce tak, ta hatsi, can yamma da gari. Abin da ta ba mu da kaka shi muke ci har wata kakar.

Da rani wata mota ta zo da majo, wato babban malamin asibitin da ke bakin titi. Aka tara maza a ƙofar gidan maigari. Mu mata muna bayan zana muna jin komai, don majo ba ya magana a hankali. Ya ce gari ya zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri, wanda ba ya tafiya cin rani, a koya masa wanke gyambo da ɗiga maganin ido da ba da ƙwayar zazzaɓi, a ba shi akwatin magani ya zauna da shi cikin gari. Ya ce gwamnati ba za ta biya shi ba. Ya sake faɗa, ba za ta biya shi ba. Ya ce ladansa na wuyan gari: idan damina ta faɗi, a yi masa gayya a nome masa gona, tunda aikin mutane zai hana shi nasa. Maza suka amsa baki ɗaya, "Mun ji, mun karɓa." Da kunnena na ji su, har da masu ƙarawa da rantsuwa ba a tambaye su ba.

Ba a sha wuyar zaɓe ba. A garin nan kaf, in ana neman wanda bai iya cewa a'a ba, ƙofarmu ake nufa. Maigidana mutum ne da za ka ari jakinsa da safe ka dawo masa da shi gurgu da marece, ya ce maka sannu da wahala. Ya tafi ya yi kwanakinsa a asibiti, ya dawo da akwatin katako a ka da wata hula da majo ya ba shi. Su can suna ce masa sakuris, wato mai agajin farko. Mutanen gari ba su wahalar da harshensu ba, suka ce Likita.

Ba zan rage masa ba, ya yi aikin. Tun kafin in hura wuta za ka ga mata sun jeru a zaure da yara masu ido a liƙe. Ya wanke hannunsa, ya jiƙa auduga, ya buɗe idon yaro a hankali ya ɗiga magani, yaro na ihu shi yana ba shi haƙuri kamar babban mutum. Ya shafa jan magani a gyambo ya ɗaure da bandeji. Mai zazzaɓi ya ba shi ƙwayar nibakin ya tsaya a kansa har ya haɗiye, don ya san halin mutanenmu, sai su ƙulle a bakin zane su ajiye wa wata rana. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin akwatin, ya sa a ɗora shi a jaki a kai asibiti, sau da yawa ma ya raka. Yara da yawa da suka zama dattawa a garin nan da idonsu garau, hannunsa ne.

Amma akwatin ba ya cika kansa. Majo ya ce masa ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata, ya kai ɗan kuɗin da mutane suka biya na ƙwaya, a sake cika masa. Wannan ƙarshen watan shi ya kashe mu. Mutanen garinmu ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma sun san abu ɗaya game da gwamnati: malamin lakwal ƙarshen wata yake tafiya karɓar albashi, gardi dogarin gwamnati ƙarshen wata, ɗan duwan mai karɓar kuɗin fito a Konni ƙarshen wata. Suka ga maigidana ya sa hula ya kama hanya da ƙarshen wata, ya dawo da goro a aljihu na Inna. Shi ke nan, lissafi ya cika. Aka ce ai majo ya faɗi waccan magana ce don kada maza su yi faɗa a kan aikin, amma ina aka taɓa yi wa gwamnati aiki a banza?

A bakin rijiya na fara ji. Wata ta ce, "Ku ba matar ma'aikaci hanya ta fara ja." Na yi dariya don na ɗauka wasa ne. Da abin ya yi yawa na ce musu wallahi ko dala ba a ba shi. Suka ce, "Ɓoye abinki, ba roƙonki za mu yi ba." Na dawo gida ina huci na gaya masa. Ya ce, "Ke, bar su. Namiji ba ya hawa kan katanga ya yi shelar ba shi da komai." Kuma in za a faɗi gaskiya, Likitan nan da ake kiransa yana yi masa daɗi. Na lura da yadda yake gyara zaman hular in zai fita.

Damina ta faɗi da kyau. Muka yi shuka, ni da shi, yana sara ina zuba iri ina takewa, ga cikina ya fara nauyi. Hatsi ya tsiro layi-layi gwanin sha'awa. Wanda bai yi noma ba bai san cewa shuka ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne noman fari, a kashe haki tun bai fi hatsin tsawo ba. In ka makara haki ya rufe shi, hatsin zai yi rawaya ya siririce, ko ka nome daga baya ba zai ba ka zangarniyar kirki ba.

To, daidai lokacin noman fari kuma kurkunu ke tashi, don duk gari ruwan tabki ake sha. Ƙafar ƙato ta kumbura, ta fashe, farar tsutsar ta leƙo, mutum ya kwanta yana kallon gonarsa tana lalacewa. Ga zazzaɓin yara ya zo tare da sauro. Maigidana zai saɓa hauya da sassafe, kafin ya fita zaure an tare shi. Ya ajiye hauya ya ɗauki akwati. Ya bi gida-gida yana wanke ƙafafu, yana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke a ciki, yana ɗaurewa. Kafin ya isa gonarmu rana ta take tsaka. Ya yi kunya biyu uku, a aiko yaro ya shide a wani gida. Waɗanda ya yi wa ɗauri suna warkewa suna komawa gonakinsu, tamu kuwa harkiya da ƙarangiya suna ta cin kasuwarsu.

Na ce masa ya je ya tuna wa maigari alkawarin gayya. Ya ce ai sun sani, ba sai an tuna musu ba. Na sake faɗa bayan kwana biyu, ya ce in yi haƙuri, kowa na fama da tasa gonar. Na je na duba da idona, na ga hakin ya kusa kamo hatsin. Daga gonar ban biya gida ba, na zarce ƙofar maigari da cikina a gaba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ranka ya daɗe, maganar da aka yi gaban majo ce ta kawo ni. Gonar ɗanka za ta mutu." Ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa mai kuɗi in ya zo roƙo. Sa'an nan ya ce to, ba laifi, zai sa sarkin samari ya yi shela, a yi gayya ranar Laraba.

Gayya ba ta yiwuwa da baki. Mai gona shi ke ciyar da waɗanda suka zo, fura da hantsi, tuwo da azahar, goro kuma na makaɗi. Na leƙa rumbu. Abin da ya rage a gindinsa shi ne zai kai mu sabon hatsi in mun ci da dabara. Na tsaya ina kallonsa, Inna ta ce daga bakin ɗakinta, "Ɗebi, ɗiyata. Wanda ya ci zai noma." Na ɗebe fiye da rabi. Na sa aka yanka bunsuruna, nawa na kaina da na zo da shi daga gidanmu. Wata Bafillatana da ya taɓa yi wa ɗanta maganin ido ta kawo mini nono ƙwarya cike, ta ce ba sayarwa ta kawo ba. Maƙwabta suka taya ni daka har hannuwana suka yi kanta.

Ranar Laraba muka kai kayan gona muka jera a gindin aduwar da ke kan iyaka. Makaɗin noma ya riga kowa zuwa, shi dai ba ya ƙin inda za a ci. Ya ɗaure gangarsa ya shiga kiɗa. Maigidana ya duƙa a kunyar farko shi kaɗai. Rana ta ɗaga. Makaɗi ya yi kirari ya gaji, ya koma buga gangar a hankali, daga baya ya ajiye ta ya ce fatar ta saki. Ni ina zaune ina korar ƙuda daga bakin ƙore, idona na kan hanyar gari.

Da hantsi ya yi sosai sai na hango mutane. Ba kaɗan ba, ayari guda. Na miƙe tsaye, zuciyata ta yi fari, har na fara kunyar zagin da na yi ta yi musu a raina. Na ce wa makaɗi ya tashi ga su nan. Ya rarumi ganga.

Da suka matso na ga babu hauya ko ɗaya. A gaba jaki ne ɗauke da wani magidanci, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, ƙanensa na riƙe da shi. Bayansu mata ne da goyo, da wani tsoho mai gyambo yana dogara sanda, da wata da aka riƙo ta ido a rufe. Sun ji shelar cewa yau Likita zai wuni a gona, sun ga ba za su same shi a gida ba, sai suka biyo shi. Har akwatin sun biya gida sun ɗauko masa, wata mata ta ɗoro shi a kai da gammo, don kada su wahalar da shi komawa.

Na dubi maigidana. Ya miƙe daga duƙen da ya yi, ya dubi hakin da ke gabansa, ya dubi mutanen. Na ce a raina, yau ɗaya dai ka ce su jira marece. Ya kafe hauyar a ƙasa, ya zo ya ce in zuba masa ruwa ya wanke hannu.

Suka zauna a inuwar da na share wa manoma. Sun sha tafiya cikin rana, yara na kuka, ga fura a buɗe tana ƙamshi. Wace ce ni da zan hana uwa mai ɗa da zazzaɓi ludayin fura? Da hannuna na dama na miƙa musu. Suna sha suna sa albarka, suna cewa furar gidan Likita daban take. Da azahar aka ci tuwon, aka tsotse ƙasusuwan bunsuruna.

Ƙanen mai kumburarriyar ƙafar, wanda lafiyarsa lau, ƙato da shi, ya cinye malmala biyu yana lasar hannu. Na kasa daurewa. Na ce, "Kai, ina hauyarka?"

Ya ce, "Hauyar mi?"

Na ce, "Ba ka ji shelar gayya ba?"

Wallahi ba da rashin kunya ya amsa ba, shi ya fi ƙona mini rai. Da zuciya ɗaya ya ce, "Mun ji. Amma ai mun ce gayya ta irinmu ce. Mai ɗaukar albashi 'yan ƙwadago yake sawa. Mu mun ɗauka sadaka kuka yi."

Ban san sa'ad da na tashi ba. Na faɗa musu maganganu, ban tsallake kowa ba. Na ce ina waɗanda suka yi rantsuwa gaban majo? Na ce ƙafar wa bai wanke ba a garin nan, ɗan wa bai buɗe wa ido ba? Na ce hatsin da kuka sha yanzu shi ne abincinmu na sauran damina. Mata suka sunkuyar da kai, ba don sun yarda ba, don dai an ga mai ciki na faɗa. Maigidana yana durƙushe da tsinke a hannu, tsutsa ta fito rabi, ba halin ya saki. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ke, ya isa." Sa'an nan, karo na farko tunda aka ba shi akwatin, ya faɗa da bakinsa. Ya ce, "Jama'a, gaskiya ta faɗa. Ni ba a ba ni komai."

Sai mai ƙafar, yana cije baki don zafi, ya yi 'yar dariya ya ce, "Likita ke nan, akwai ba'a." Sauran suka taya shi. Suka gama, suka yi godiya mai yawa, suka ɗora majinyacinsu a jaki. Matar da ta ɗauko akwatin ta ce ko ta mayar masa da shi gida, kada ya haɗa shi da hauya ya yi masa nauyi.

Da ƙarshen watan na bi shi asibiti, yana ce mini in zauna ina cewa sai na je. Na gaya wa majo komai. Mutumin kirki ne, ya dafe kai ya ce abin bai yi masa daɗi ba. Amma ya ce shi magani aka ba shi ya raba, ba hatsi ba, kuma a can sama an san cewa gari ne ke noma wa sakuris, haka aka tsara. Ya ce zai yi wa maigari magana in ya samu mota. Kun ji fa. Gari ya bar shi ga gwamnati, gwamnati ta bar shi ga gari, kowa hankalinsa kwance cewa wani na ciyar da shi. Motar majo ba ta samu ba har kaka.

Mun nome abin da muka iya, shi da rana tsaka, ni ina bin bayansa ina cirewa da hannu har ranar da na kasa duƙawa. Amma lokaci ya riga ya wuce. Hatsin ya tashi siriri, zangarniyar kamar yatsa. Shekarar nan gari ya yi albarka, rumbuna suka cika, har waɗanda suka kwanta da kurkunu sun tashi a kan kari sun samu. Namu damman jaki ya kwaso su bai yi gumi ba. Na haihu ana cikin girbi, aka yi suna da abin da ba zan so in faɗa ba.

Ba a daɗe ba ya kira ni ya ce zai ƙetara Nijeriya cin rani. Mutumin da aka zaɓa don ba ya fita gari. Ban hana shi ba, don ni ma na leƙa rumbun. Ya kai akwatin gidan maigari da kansa, ya tsaya yana yi masa bayanin wace kwalba ce ta ido wace ce ta gyambo. Ya ɗaure tabarma da buta ya bi masu tafiya Sakkwato, inda aka ce ana samun aikin ga-ruwa.

Washegari mata suka cika mini gida. Barka suka zo yi. An ce an ƙara wa Likita girma, an kai shi birni. Wata har tana tambayar tukuici. Na rantse musu har na gaji, suna ta murmushi suna cewa Allah ya ƙara ɗaukaka.

Akwatin kuwa, faɗan da aka ce majo na gudu sai ga shi. Maza suka yi ta kai goro gidan maigari, kowa na son kujerar albashi. A ƙarshe ɗan ƙanen maigari ya samu. Ya je ya yi kwanakinsa na koyo, ya dawo da tasa hular. Da ƙarshen wata ya sa rigar sallarsa ya tafi asibiti, iyalinsa na jira. Ya dawo da akwati cike da magani da aljihu wayam. Ya tura akwatin ƙarƙashin gado, daga ranar duk wanda ya je sai a ce ba ya nan. Kafin mako ya zagayo gari duka ya san gaskiya.

Na ce to, yanzu sun sani. Na zauna ina jiran wani ya yi sallama, ko da dami ɗaya, ko hannu wofi ya ce mun yi kuskure. Maigari bai aiko ba. Masu rantsuwa in sun hango ni sai su sake hanya.

A bakin rijiya aka yi mini maganar, kuma wadda ta yi ta ita ce matar mai kumburarriyar ƙafar nan, wanda yanzu yake tafiya a kan ƙafafunsa biyu. Ta matso kusa da ni ta rage murya, da alama tausayi take nuna mini. Ta ce, "Ashe da gaske kyauta yake yi duk wannan wahala? Har ya bar gonarsa ta mutu? Kai, 'yar'uwa, kin yi haƙuri. Amma dai mijinki bai da wayo."

Jaririn na bayana yana barci. Na ja gugana, na cika tulu, na roƙi wata ta ɗora mini. A gida Inna na jira in zo in jiƙa mata dusa, abincin da ya rage mana ke nan.